Ki Duba Hoton Kafin Ki Biya Kuɗi

Duk lokacin da aka zo saukar Alƙur'ani a makarantunmu na Islamiyya, daga Panshekara da Sheka har Kura da Bunkure, iyaye kan kashe kuɗi a kan hoto da kalanda. Sai hoto ya fito, yarinya ta kalli kanta ta ce, "Ai don ni baƙa ce shi ya sa ban yi kyau ba." Daga nan wasu kan fara tambayar man bilicin, alhali laifin na haske ne.

Ki sani kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne, sai ta nemi tsaka-tsaki. In yarinya ta sa farin hijabi, kyamara takan ga haske ya yi yawa ta rage, fuska ta yi duhu. In baƙin hijabi ne sai ta ƙara, fuska ta yi fau kamar an barbaɗa mata gari. Mai hoton da ya san aikinsa da fuska yake auna haske. Matsalar ma tsohuwa ce: tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka da hoton Baturiya yake daidaita launi wajen wanke hotuna, sai a shekarun 1990 ya sa baƙar mace a katin gwajin.

Sai ki duba inuwa. In kin ga baƙar inuwa a labulen baya ta manne da kai, ga goshi yana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, to fitilar kan kyamara ya haska mata kai tsaye, kuma ta matsu da bango. Ta matso gaba kamar taku uku, fitila ta koma gefe, ta ɗan ɗara kai tsawo. 'Yar inuwa mai laushi a kunci ɗaya ita ke fito da siffar fuska. Wadda ba a so ita ce ta bakin hijabi in ta rufe idanu. Ki leƙa ƙwayar ido, in babu ɗigon haske a ciki hoton ba shi da rai.

Zama kuwa, ba sai an karya wuya ko an ɗora yatsa a haɓa irin na fastar fim ba (ni dai ban ga abin da ya haɗa wannan da sauka ba). Ta miƙe baya, ta ɗan karkata kafaɗa, ta riƙe allonta ƙasa da haɓa. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yawanci da hasken rana ya ɗauki mata a tsakar gida, ga hotunan nan yau a manyan gidajen tarihi na duniya.

Kafin a wanke, ki ce a nuna miki a fuskar kwamfuta. In an goge fatar ta yi fari har ba ki gane 'yarki ba, ki ce a mayar da ita yadda take.