Idan wuyansa ya murɗe bayan an fara ba shi magani

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya. Ɗanta ya daina barci, yana ta surutai shi kaɗai, aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, aka rubuta magani suka dawo gida. Kwana uku da fara sha, sai wuyansa ya karkace gefe, harshe ya fito, idanu suka kafe sama, yawu na dalala. Makwabta suka taru suna salati, aka ce mutanen ɓoye ne suka ƙi maganin asibiti. Ta zubar da ƙwayoyin. Yanzu ciwon ya dawo, me za ta yi?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri kan haƙurinki. Abin da kika gani ya isa ya tsorata kowace uwa, amma mu ma'aikatan jinya mun saba da shi. Ɗaurewar jijiyoyi ce da wasu magunguna ke haddasawa, musamman tsofaffi irin su haloperidol da chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil. Tana yawan zuwa a kwanakin farko ko idan an ƙara yawan maganin, kuma samari ta fi kamawa. Allura ɗaya a asibiti kan sake jikin, sau da yawa kafin a cika awa guda. Daga nan likita ya rage maganin, ko ya sauya zuwa irin su olanzapine, ko ya haɗa masa da benzhexol, wato Artane. Kada ki aika a sayo wannan a kemis, domin matasa na shan sa don maye, kuma likita ne ya san awon da ya dace.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo bayan zubar da magani. Ciwon yakan dawo, iyali su gaji, ƙarshenta a sa wa yaro mari a ƙafa a kulle shi a ɗaki. Na sha wanke gyambon da sarƙa ta bari a idon sawu, ya ci nama, mai shi ko ɗaga ido ba ya iya yi don kunya. Mutum ne kamar kowa, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, kuma bayan ya warke yana tunawa.

Ki mayar da shi inda aka duba shi, gobe idan da hali. Idan ya yi nisa, akwai asibitin Dawanau a Kano, da na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ki tafi da kwalin maganin ko katinsa, ki faɗi ranar da ya fara sha da ranar da ya daina. Addu'a da ruƙiya ki ci gaba da su, ba su hana shan magani.

In an sake rubuta masa, mutum ɗaya ya riƙe maganin, ya ba shi a lokaci ɗaya kullum, ya ga ya haɗiye. Ki yi masa magana a hankali, kada a taru a kansa, kada a tsaya gardama idan ya ce yana jin muryoyi. Ki sa ido kan barcinsa, don rashin barci dare biyu ko uku a jere kan zama alamar farko ta dawowar ciwo.

Abu biyu ba sa jiran wayewar gari: jiki ya sandare tare da zazzaɓi mai zafi, gumi da ruɗewa, ko kuma ya fara zancen kashe kansa. A kai shi asibiti nan take, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Idan haɗiyar ƙwaya kullum ta zama rigima, ki tambayi likita game da allurar da ake yi duk bayan sati biyu zuwa huɗu.