Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa tari ke yawa a Bokkos da hunturu?

Tambaya: Ni manomin dankalin Turawa ne a Bokkos, Jihar Filato. Baƙi kullum suna yaba iskarmu, wai ta fi ta Kano tsabta. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu yarana ba sa rabuwa da tari, idan na sauka gona da asuba kuma sai in tarar hayaƙi ya kwanta a kwari. Ashe tudu ba ya kare mu?

Amsa: Malam, Allah ya ba yara lafiya. Baƙin naka ba su yi ƙarya ba, sai dai iskar damina suka yaba. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama yana wanke sararin Filato, ƙasa a jiƙe, ciyawa ɗanya. Da ruwa ya ɗauke, ƙura da hayaƙi ke haɗuwa a kanku.

Ƙurar baƙuwa ce. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani ƙaton tafki ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska tana kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta sama, har wata takan tsallaka tekun Atilantika ta sauka a Kudancin Amurka. Ƙurar da ke wannan tafiya, tudun Filato mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai ba zai tare ta ba. Wannan ba a hannunka take ba, illa ka saurari gargaɗin hazo da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke bayarwa.

Hayaƙin kuwa na gida ne, kuma a ganina shi ya fi cutar da yaranka. Da hunturu sama ba gajimare, saboda haka da rana ta faɗi ƙasa takan saki zafinta da wuri, sanyi ya kai kusan digiri 10. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta gangara kwari ta zauna, mai ɗumi ta hau kanta kamar faifai a bakin tukunya. Duk abin da aka ƙona da yamma, karan masara, ciyawar da mafarauta suka cinna wa wuta don korar ɓeraye da zomaye, sharar bayan gida mai leda a ciki, itacen girkin dare, hayaƙinsa ba shi da hanyar tashi. Nan zai kwana, sai hantsi ya dubi ludayi ƙasa ta yi ɗumi sannan ya watse. Shi kake tararwa da asuba idan za ka ban ruwa, shi kuma yara ke shaƙa a hanyar makaranta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana cikin ɗaki. Sanyin Bokkos ba wasa ba ne, ba kuma wanda zai ga laifin uwar da ta shigar da kaskon gawayi ta rufe ƙofa don 'ya'yanta su ji ɗumi. Amma gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu akwai ƙananan yara da yawa. Don Allah, a ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara bargo da rigar sanyi. Janareto ma a nisanta shi da taga.

A gona, karan da kake ƙonawa abincin ƙasarka ne. Tara shi da kashin dabbobi ya ruɓe ya zama taki. Idan ƙunar ta zama dole, a yi ta bayan hantsi ranar da iska ba ta da ƙarfi, a share gefe don kada wuta ta tsallaka, kuma a yi shawara da maƙwabta, tunda iskar kwari ɗaya kuke shaƙa. Ranar hazo mai kauri, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa kusa, a yayyafa ruwa kafin shara. Ƙyalle a hanci yana rage manyan ƙwayoyin ƙura, amma ƙananan da ke isa can cikin huhu sai takunkumi irin N95.

Tarin hunturu yakan lafa da kansa. Amma idan yaro yana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa idan ya ja numfashi, ko zazzaɓi ya haɗu da ƙin shan nono, ana jin tsoron nimoniya. A kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya sayen maganin tari a kemis.