Horar da Sababbin Malamai Kan Koyarwa da Na'urorin Zamani

Tambaya: Wani shugaban makaranta yana neman shawara kan yadda zai horar da sababbin malamansa su riƙa amfani da kwamfuta da wayar hannu a cikin aji.

Amsa: Ya dace horon ya faro daga darasin da malami zai koyar, sannan a zaɓi na'urar da za ta sauƙaƙa fahimtarsa, domin kwamfuta kayan aiki ce kamar allo da alli. Hanya mafi inganci ita ce gwajin koyarwa, wato malami ya gabatar da gajeren darasi da na'urar a gaban abokan aikinsa, su nuna masa inda ya kuskure, ya sake gwadawa har hannunsa ya faɗa. Ana iya amfani da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na intanet kyauta da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, tare da tanadin madadin darasi saboda ɗaukewar wuta. Lamarin ya zama wajibi, ganin cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma ɗalibi daga hannun malaminsa yake samun sabo da ita.