Wasiƙa Ga Samarin Funtuwa Da Malumfashi Masu Sha'awar Aikin Jirgin Ruwa

'Ya'yana, 

Tun da aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtuwa a watan Mayun 2024, maganar kwantena da jirgin ruwa ta shiga bakin samarin da iyakar ruwan da suka sani shi ne Dam ɗin Mairuwa. Da yake wasunku sun ji cewa ƙuruciyata ta ƙare ne a ɗakin injin jiragen dakon kaya da na dakon mai, tambaya ta yi mini yawa, kuma kusan duk iri ɗaya ce: "Baba, da gaske dala ake biya?" Da gaske ne, a jiragen da ke ƙetare ƙasashe. Sai dai wannan amsa ba ta isa mutum ya ɗaura niyya a kanta ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku abin da muka gani ni da abokan aikina, tun muna da sauran numfashi.

Kada wani ya ce muku teku ba na Bahaushe ba ne. Ƙasar nan tamu ta daɗe tana hulɗa da shi, ko da ba ta ganinsa. Ba don ƙaunarmu Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya dire Ƙauran Namoda a 1929 ba. Auduga da gyaɗa suke so su kai bakin ruwa. Kakanninku na Bakori da Danja da Kafur da Faskari su ɗora kaɗa a kan jaki su kai fuloti, a auna, a wuce da ita injin gurza na kamfanin auduga na BCGA a Funtuwa ko Malumfashi, a ɗaure diloli, jirgin ƙasa ya kwasa sai Apapa. Daga nan jiragen kamfanin Elder Dempster su ɗauka zuwa Liverpool, ta shiga masaƙun Ingila, wata ta dawo mana a matsayin atamfa da akoko mu saya da tsada. Alhaji Alhassan Ɗantata tun yana saurayi ya gane cewa goron Gwanja ya fi saurin isowa in an biyo da shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta ruwa ya je Ingila da Makka a 1921. Sojojinmu da suka yi yaƙin Bama ta ruwa aka kai su. Yau ma wani daga cikin sinadaran da ake haɗa takin da kuke zuba wa masara yana zuwa daga Maroko ne a cikin jirgi, haka alkamar burodin da kuke karyawa da shi, sannan riɗi da waken soya da zoɓon da ke fita daga Arewa ta nan suke bi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da duniya ke ciniki a kan ruwa suke tafiya. Mu dai kullum mu ne masu kaya, amma da wuya ka leƙa cikin jirgin ka ji ana Hausa. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Nijeriya ta taɓa mallakar jiragenta. A 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, kuma cikin jiragensa na farko akwai mai suna Dan Fodio, da King Jaja, da Oduduwa, daga baya aka samu El Kanemi da Ahmadu Bello. A wannan shekarar ce kuma ma'aikata 'yan Nijeriya na wani jirgi mai suna Apapa suka ajiye aiki a Liverpool saboda wariyar da shugabanninsu Turawa ke nuna musu. Ku riƙe wannan, don ku san cewa mutuncin da baƙar fata ke samu a cikin jirgi yau wasu ne suka tsaya aka same shi. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta yi odar sababbin jirage 19 daga Koriya ta Kudu da Yugoslabiya, aka sa musu sunayen kogunanmu, har da River Rima. Duk ɗan Nijeriyar da ya shiga wata tasha a Turai ya hango tuta kore da fari tana kaɗawa a bayan jirgi, ko ba a ciki yake aiki ba, sai ya ji ƙirjinsa ya cika. River Gurara ya nutse cikin guguwa a gaɓar Fotugal a watan Fabrairun 1989, ya tafi da rayukan ma'aikata da dama, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Bashi da rashin gyara suka ci sauran, ana kama su a tashoshin waje, har aka rushe kamfanin a 1995. Rushewar nan ku ta shafa kai tsaye, zan gaya muku dalili a gaba.

To, ga yadda aikin yake. Jirgi ba ya barci, saboda haka rabon aiki ake yi: awa huɗu kana kan aiki, awa takwas kana hutu, dare da rana, ba Juma'a ba Lahadi, kuma a cikin awa takwas ɗin nan ne ake kiranka in wani abu ya lalace. Ɗakin inji yana can ƙasa, ƙarƙashin ruwa, ƙara ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai sai da hannu, zafi kuwa in an shiga Bahar Maliya sai ka matse rigarka ruwa ya zuba. Masu aikin sama su kuma abokin gabarsu tsatsa: su kankare, su shafa fenti, kafin su kai ƙarshen jirgi farkon ya sake ci. Makon farko kusan kowa sai ya yi amai har ya raina kansa. Wannan yana wucewa. Abin da ke zama shi ne horo. Kyaftin in ya yi magana ta zauna, kuma yaron da ka girme shi da shekara goma, in ya fi ka takarda, shi zai aike ka. Mai girman kai ba ya ƙarko a jirgi.

Jiragen kaya na da sun fi daɗin sha'ani, gaskiya. Kaya a buhu ne da dila da akwati, ana sauke su da ƙugiya kaɗan-kaɗan, don haka sai jirgi ya yi mako ɗaya ko biyu a tasha. A tsaya Las Palmas a sha mai, a gangaro Freetown, Takoradi, Tema, Apapa, Fatakwal, wani lokaci a kutsa rafi har Sapele ɗaukar gungumen katako. A Tema da Takoradi kana sauka ka nemi zango, ka ci tuwo, ka yi sallar jam'i da 'yan'uwa. Wani zaman kuma azaba ne. A 1975, lokacin da gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Legas za ta iya saukewa, jirage sama da 400 suka yi layi a bakin ruwa, wasu wata da watanni, ruwan sha ya ƙare, simintin ya daskare a cikin jirgi. Kwantena ta kawo ƙarshen wancan zamani. Yanzu jirgi yakan shiga da safe ya fita kafin wata safiyar, ma'aikata kuma ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Wanda ke son aikin don yawon buɗe ido ya makara.

Jirgin dakon mai kuwa ya fi albashi, ya kuma fi kaɗaici. Sau da yawa ba ya raɓar gari ma. A can cikin ruwa, wajen Bonny ko Forcados ko Escravos, ake jona masa bututu a cika shi, ya juya. Haɗarinsa ba man da kake gani ba ne, tururin da ba ka gani ne. A watan Disambar 1969 manyan jiragen mai uku suka yi bindiga cikin mako uku a kewayen Afirka, duk ana cikin wanke tankunansu. Ɗaya daga ciki, Marpessa, sabo fil, ya nutse kusa da Senegal. Bincike ya nuna feshin ruwan wankin ne ke tara lantarki, ƙyastu ɗaya ya haɗu da tururin mai. Daga nan aka wajabta cika tankuna da iskar da ba ta kama wuta. Kowace doka da za a karanta muku a jirgi, sai da wani ya mutu kafin a rubuta ta. Kun san yadda tsohuwar rijiya ke kashe mai yasa, wani ya bi shi don ceto shi ma ya tafi? Haka tankin jirgi yake. Ba a shiga sai an auna iskar ciki, an sa hannu a takarda, an tsayar da mai tsaro a baki. In ka ga abokinka ya faɗi a ciki, ƙararrawa za ka buga, kada ka bi shi. Zuciya ba za ta so ba, amma haka za ka yi.

Akwai kuma 'yan fashin teku. A 2020 kaɗai an sace ma'aikata 130 a mashigin tekun Gini. Mutanen Faskari da Sabuwa ba sai an yi musu bayanin abin da garkuwa da mutum ke yi wa gida ba.

Addininku kuwa yana hannunku. Alƙibla tana juyawa yadda jirgi ke juyawa, sai ka tambayi masu tuƙi su duba maka. Azumi a arewacin Turai lokacin zafi yana da tsawo ƙwarai. Nama ba kullum za ka san yankansa ba. Kifi da ƙwai da wake sun rufa mana asiri. Giya tana da arha a jirgi, kuma na ga 'ya'yan mutunci da ta raba su da aiki da iyali. Abin da ya fi duka nauyi shi ne labarin gida. A zamaninmu wasiƙa ke jiran mutum a tasha ta gaba. Akwai abokin aikinmu da ya buɗe tasa ya tarar an yi sadakar arba'in ɗin mahaifiyarsa tun yana tsakiyar ruwa. Ya naɗe takardar, ya sa a aljihu, ya sauka ɗakin inji, don lokacin aikinsa ya yi. Yanzu akwai intanet a jirage da yawa, za ka ji labari a ranar, amma jana'iza dai ba za ka samu ba, haka sunan ɗanka. Kwangila kan kai wata shida zuwa tara, wani lokaci ta zarce. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, kimanin ma'aikata 400,000 suka maƙale a jirage bayan wa'adinsu ya cika. Duk wanda zai tafi ya zauna da iyayensa, da matarsa in yana da ita, a yi wannan magana ƙeƙe-da-ƙeƙe.

In duk kun ji wannan ba ku karaya ba, madalla, ina son ku tafi. Amma ƙofa ɗaya ce, ita ce karatu. Ku dage da lissafi da fiziks da Turanci tun daga sakandare. Akwai Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Ruwa ta Oron a Jihar Akwa Ibom, akwai Jami'ar Sufurin Ruwa ta Okerenkoko a Jihar Delta, kuma hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, NIMASA, tana da shirin tura matasa karatu waje tun 2008. Mai son tuƙi sai an gwada idonsa, in ba ya bambance ja da kore ba za a ɗauke shi ba, gara ya sani da wuri ya koma ɓangaren inji. Wanda bai yi zurfi a boko ba amma ya ƙware a walda ko lantarki ko girki, shi ma jirgi na bukatarsa, bayan ya yi kwas ɗin kashe gobara da ceton rai da agajin gaggawa, ya karɓi littafin ma'aikacin jirgi. 'Yan mata ma suna shiga, ana kuma samun injiniyoyi a cikinsu.

Ga inda rushewar kamfanin ƙasa ta shafe ku. Takardar makaranta ba ta mai da ɗalibi jami'in jirgi sai ya yi aikin koyo a kan teku, galibi wata 12, sannan ya zauna jarrabawar lasisi. Da muna da jiragenmu, gurbin yana nan. Yanzu ɗalibai da yawa sun gama Oron suna zaune shekara da shekaru suna neman jirgin da zai ɗauke su. Kamfanin iskar gas na Bonny yana da jirage, yana kuma horar da 'yan ƙasa, amma gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa. Saboda haka kafin mahaifinka ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin makaranta, ku tambaya a ina waɗanda suka gama bara suka yi aikin koyonsu. Ina kuma roƙon wakilanmu da gwamnatin jiha, in za su ɗauki nauyin yaro, su ɗauka har zuwa wannan mataki; rabin hanya asarar kuɗi ce.

A wannan giɓin ne mayaudara ke kafa tarko. Dokar ƙwadagon teku ta duniya ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2013, ta haramta karɓar kuɗi daga ma'aikaci don a sama masa aiki. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya ya sa ka a jirgi, ɓarawo ne, ko da da Hausa ya yi maka magana, ko da ya rantse. Kada ka hau jirgi sai ka karanta kwangila ka riƙe kwafinka, ka kuma bar wani a gida. Akwai masu jirgin da ke tserewa su bar ma'aikata a wata ƙasa ba albashi ba kuɗin komowa, don haka ka shiga ƙungiyar ƙwadago, ka ajiye lambar ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF. Sannan kada ka ɗaukar wa kowa ƙunshi, komai kusancinku. A da mukan sayo firji da katifa da gwanjo a Liverpool mu sayar a Apapa, halas ne. Daga baya wasu suka fara karɓar saƙon da ba su san cikinsa ba, suka tsufa a kurkukun Turai.

Ƙarfin aikin jirgi ba ya kai mutum tsufa. Gwiwa da kunne su ke fara gajiya. Albashi yana zuwa a dunƙule, 'yan'uwa su taru, wata uku ya ƙare, ka koma ruwa dole. A cikinmu waɗanda suka huta su ne waɗanda tun tafiyar farko suka sayi gona, ta biyu suka sa shanu, suka bar wani amintacce yana sayen masara a kasuwar Dandume da kaka yana ajiyewa. Ku kun fi yaran Legas sa'a a nan, don kun gaji ƙasa mai albarka kuma kun san yadda ake juya ta.

Wanda kuma iyayensa ba su yarje masa ba, ya haƙura, kada ya tafi a kan fushinsu. Tashar tsandaurin nan in ta kankama za ta nemi masu fiton kaya a kwastan, masu tuƙa injin ɗaga kwantena, masu auna ingancin hatsi da masu lissafin sito. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, NITT, tana koyar da irin wannan, kuma daga Funtuwa mutum zai je ya karɓo bayanin kwasa-kwasanta ya dawo a yini ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a tudu da ruwa. Wassalam.

Babanku,
wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, Funtuwa.