Shaidar Kunne: Nazari a Kan Ƙoƙon Kan Dainason Nijar

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata malaminmu na darasin fassara ya raba mana wasu rubuce-rubucen kimiyya, ya ce kowa ya mayar da nasa cikin Hausa. Ni nawa ya faɗo a kan wata dabbar zamanin dauri mai suna Nigersaurus. Da farko na ɗauka aikin ƙamus ne kawai, wato in ɗauke kalma in ajiye wata a gurbinta. Ina cikin yi sai na ci karo da wata jimla da ta tsayar da ni cak: wai masana sun gano yadda dabbar take riƙe kanta ta hanyar duba cikin kunnenta. Ba riƙe kai na kamun kai ake nufi ba, a'a, kan da ke bisa wuya. To, dabbar da ta mutu tun kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, ba nama, ba fata, ba ƙwaƙwalwa, ta ina aka ga yadda take ɗaga kai ko sunkuyar da shi? Na ga ba zan iya fassara abin da ban gane ba, shi ya sa na bi diddigin maganar. Abin da na samo shi ne wannan maƙala za ta kawo.

Ni ɗan Manchok ne, da harshen Sholio na buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na tsince ta. Saboda haka in mai karatu ya ga kalmar da ba ta zauna daidai ba, ƙofar gyara a buɗe take.

Dabbar da inda aka same ta

Kalmar dainaso wani Baturen Ingila mai suna Richard Owen ne ya ƙirƙiro ta a 1842 daga kalmomin Girkanci guda biyu, ma'anarsu ƙadangare mai ban tsoro. Nigersaurus taqueti kuwa na nufin ƙadangaren Nijar na Taquet. Shi Philippe Taquet Bafaranshe ne, masanin ƙasusuwan halittun dauri, wanda ya jagoranci tafiye-tafiyen bincike tsakanin 1965 da 1972 zuwa Gadufawa, wani wuri a hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Ya tsinto wasu ƙasusuwan dabbar, ya ambace su a rubutunsa na 1976, sai dai bai raɗa mata suna ba. Paul Sereno na Jami'ar Shikago a Amurka shi ya koma wurin da ayarinsa a 1997, aka raɗa sunan a 1999, suka sake komawa a 2000.

A ƙasarmu ta kudancin Kaduna mun saba da labarin ƙasa tana fitar da kai. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka tono wajen haƙar kuza a yankin Jama'a, bayan ya yi aikin mutum-mutumi a gonar doya, kuma daga nan aka fara fahimtar al'adar Nok. Amma ƙashin dainaso kada a sa ran samunsa a tsaunukan Kagoro. Duwatsunmu daga narkakken dutse suka daskare, ba sa adana ƙashi. Ƙashi yana zama dutse ne inda yashi da taɓon kogi suka binne gawa, suka yi ta taruwa a kanta. Gadufawa kuwa, duk da yau rairayi ne, a wancan zamani ƙasa ce mai koguna da manyan kadoji.

Tsawon dabbar ya kai mita 9, nauyinta kamar na giwa. Tana cikin dangin dainaso masu dogon wuya masu cin ganye, ko da yake nata wuyan gajere ne a cikinsu. Bakinta shi ne abin kallo. Ya fi sauran kan faɗi, gabansa a miƙe yake kamar bakin shebur, kuma haƙoran duk a gaba suke jere, layi 68 a sama, 60 a ƙasa. Bayan kowane haƙori akwai wasu suna jiran gado, har kusan tara, jimla fiye da 500. Wani binciken 2013 da Michael D'Emic ya jagoranta ya ƙiyasta cewa kowane haƙori kwana 14 kacal yake yi kafin na baya ya ture shi.

Yadda ake karanta ƙwaƙwalwar da ta ruɓe

A nan ne Hausa ta taimake ni fiye da Ingilishi. Bahaushe ya ce ƙoƙon kai. Ƙoƙo mazubi ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana malmala tuwo ya san tuwon yana ɗaukar siffar abin da aka malmala shi a ciki. In tuwon ya ƙare, ƙoƙon na nan, kuma in ka sake zuba wani abu mai taushi a ciki za ka sami siffar malmalar farko. Haka masana suke yi. Ƙwaƙwalwa ta ruɓe, amma kogon da ta zauna a ciki yana nan, da ramukan da jijiyoyin gani da na jin ƙamshi suka bi suka fita. A da sai an fasa ƙashin, ko a ɗura roba a ciki a zaro. Yanzu na'urar CT ta asibiti ake sa ƙashin a ciki, ta ɗauki hotonsa yanka-yanka ba tare da an taɓa shi da wuƙa ba, kwamfuta ta harhaɗa hotunan ta fitar da siffar kogon. A fassarata na kira wannan siffa malmalar ƙwaƙwalwa.

Da na je gida hutu sai na nufi wajen mahauta don in gani da idona. Na sami wani dattijo yana sarar kan saniya, na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah in ka fasa ina so in leƙa ciki kafin ka kwashe." Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, saye za ka yi ko kallo?" Na ce kallo. Ya yi dariya, ya raba kan biyu, ya zare ƙwaƙwalwar ya miƙo mini ƙoƙon. Na sa yatsa na shafa cikinsa, sai na ji tudu da kwari, ba sumul yake ba kamar yadda na zata. Abin da na karanta sau uku ban gane ba, yatsana ya gane shi nan take.

Sai dai akwai bambanci. Ƙwaƙwalwar saniya tana cika ƙoƙonta taf, ta kada da ƙadangare kuwa ba ta cikawa, akwai tantani da jijiyoyin jini a tsakani. Saboda haka malmalar dainaso kwatanci ce, ba ainihin ƙwaƙwalwar ba.

Kan Nigersaurus ya ba da wahala ta musamman, domin ƙasusuwansa sirara ne ƙwarai, wasu har haske yana ratsa su. Sereno ya haɗa hannu da Jeffrey Wilson da Lawrence Witmer na Jami'ar Ohayo, wanda ya shahara wajen nazarin cikin kawunan dabbobi, da wasu masana. Suka ɗauki hoton ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa kan a kwamfuta, suka buga sakamakon a mujallar PLoS ONE a watan Nuwamba na 2007. Malmalar ta nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwar kusan kashi 30 cikin ɗari ne na girmanta, kuma girmanta gaba ɗaya bai fita daga abin da aka saba gani a dangin ƙadangaru ba. Sashen jin ƙamshi ƙarami ne, alhali ƙofofin hancin manya ne. Wato hanci har baka, amma aikinsa kaɗan.

Shaidar kunne

Yanzu sai jimlar da ta tsayar da ni. A can cikin kunnen kowace dabba mai ƙashin baya irin tamu, binne cikin ƙashi, akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, cike da ruwa. Ba aikin ji suke yi ba. Idan kai ya juya, ruwan ya motsa, sai jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san su ko bai san sunansu ba: ka tsaya, amma ruwan bai tsaya ba, shi ya sa duniya ke ci gaba da juya maka. Biyu daga cikin bututun a tsaye suke, ɗaya a kwance. Da yake ƙashi ne ya kewaye su, hanyarsu tana nan a ƙoƙon kai bayan miliyoyin shekaru, kuma na'urar CT tana ganinta.

Hujjar su Sereno ita ce, dabbobin yau idan suna tsaye a faɗake sukan riƙe kai ta yadda bututun kwancen zai yi kusan daidai da shimfiɗar ƙasa, kamar ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki. Sai suka juya kan Nigersaurus a kwamfuta har bututun ya kwanta daidai. Da ya kwanta, sai ga baki ya dubi ƙasa, ya sunkuya da kusan digiri 70. Suka ce ashe haka dabbar take yawo, baki a ƙasa, tana sharar ƙananan tsire-tsire masu taushi, domin ciyawa irin wadda shanunmu ke ci ba ta bazu ba tukuna a lokacin. Daga nan aka yi mata laƙabi da saniyar zamanin dainaso.

Ba kowa ya yarda ba. A 2009 Michael Taylor da Mathew Wedel da Darren Naish suka ce dabbobin yau sukan ɗaga wuya idan ba ci suke yi ba, kuma bututun ba ya zama a kwance daidai a kowace dabba. A 2013 Jesús Marugán-Lobón da abokan aikinsa suka nuna cewa karkatar bututun tana bambanta sosai daga wannan kai zuwa wancan, ba za a mayar da shi ma'auni tsayayye ba. A 2020 kuma Julien Benoit da wasu suka gwada maganar a kan dabbobi masu kofato da ke raye, suka ga ba lalle ne bututun ya kwanta daidai da ƙasa ba idan dabba tana hutawa.

Ni a nawa ganin, masu suka sun yi gaskiya a kan kunne, amma ba su rushe maganar cin abinci ba, domin kunne ba shi kaɗai ya ba da shaida ba. Faɗin baki ya ba da tasa. Haƙoran da ke cinyewa cikin mako biyu sun ba da tasu, kuma binciken John Whitlock na 2011 a kan ƙananan ƙarce-ƙarcen da ke jikin haƙoran ya dace da dabbar da ke ci daga ƙasa, inda abinci ke haɗuwa da yashi. Mu ɗaliban harshe mun san irin wannan matsala. Kalma ɗaya da ta yi kama a Sholio da Hausa ba ta isa a ce harsunan dangi ne ba, wataƙila aro ce, wataƙila dace ne. Sai an ga kamanni masu tsari a wurare da yawa kafin a buɗe baki. Abin da ya tabbata shi ne Nigersaurus a ƙasa take kiwo. Abin da ake gardama a kai shi ne ko haka kan yake wuni a sunkuye.

Kafin hutu ya ƙare na zauna a bakin wata fadama a bayan gari ina kallon shanun wani makiyayi. Suna kiwo baki a ƙasa, sai babur ya wuce, duk suka ɗaga kai a tare, suka tsaya haka har ƙarar ta yi nisa. Da na dawo makaranta na gyara jimlar fassarata. Inda na rubuta cewa masana sun gano yadda take riƙe kanta, na mayar da shi masana sun yi hasashe. Malam ya ja layi a ƙarƙashin gyaran, ya tambaye ni dalilin da ya sa na kauce wa abin da marubucin asali ya faɗa, tunda aikin mai fassara bai haɗa da gyara masa magana ba. A kan wannan na rasa maki biyu. Malmalar ƙwaƙwalwa kuwa ya bar mini ita, ya ce a kawo ta aji a tattauna.