Idan Bakin Yaro Ya Yi Nauyi

A Kutemeshi, kamar sauran ƙauyukan Birnin Gwari, idan yaro ya shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, irin su "Inna, ruwa", akan ce nauyin baki ne, zai buɗe da kansa. Wani ya buɗe ɗin. Wani kuwa kunnensa ne ba ya ji, musamman wanda ya yi ƙyanda ko sanƙarau, ko kunnensa ke zubar da ruwa.

Gwajin farko a gida yake: uwa ta tsaya ta bayansa, ta kira sunansa a hankali. In an maimaita bai waiwayo ba, a nufi asibitin Jibril Mai Gwari, a karɓi takardar zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, inda ake auna ji, ake kuma koyar da magana.

Mai in'ina kada a ƙarasa masa zance, tsawa kuwa ƙara dagula shi take. Yaron da ya daina magana bayan ya ga harin 'yan bindiga, lallashi yake buƙata da ganin likita. Cire beli wurin wanzami ba ya buɗe baki. Iyaye su guje shi.