Salak ɗin Makaroni a Hostal: Yadda Ake Yi da Kuskuren da Ya Kwantar da Ni

A zangon da ya wuce na haɗa salak ɗin makaroni da sassafe, na rufe a kula na tafi lacca. Sai bayan La'asar muka ci ni da 'yar ɗakinmu. Watan Afrilu ne, zafi ba a magana. Kafin Isha'i amai da gudawa sun kwantar da mu, ga shi washegari ina da tes. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yin sa, da kuma inda na yi kuskure.

Kayan haɗi na mutum huɗu: rabin ledar makaroni (giram 250), ƙwai 3, karas 2, kokwamba 1, koren tattasai 1, ƙaramar albasa, kifin gwangwani 1, mayonis cokali 5, rabin lemon tsami, gishiri da garin masoro.

Ku bari ruwa ya tafasa tukuna, ku sa gishiri, sannan ku zuba makaroni. Minti 8 zuwa 10 ya isa. In ta wuce haka za ta caɓe. Ku tace a matsami, ku ɗauraye da ruwan sanyi mai tsafta, ku bari ta tsane. Ƙwai ya dahu minti 10. Ku wanke kayan lambu sosai, ku goga karas, ku yanka sauran ƙanana. A wani kwano daban ku dama mayonis da ruwan lemon tsami da masoro, ku juye a kan makaronin da ta huce, ku sa kifi da kayan lambu, ku juya a hankali. Ƙwai ne ƙarshe don kada ya dagargaje.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da farko mayonis na ɗora wa laifi, sai wata ƙawata da ke sashen kimiyyar abinci ta ce, "Ke, ba shi ba ne." Mayonis na kwalba yana da tsami, ƙwayoyin cuta ba sa son sa. Matsalar tana wajen dafaffiyar makaroni da ƙwai da kifin da aka bari a ɗumi. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma akwai wadda ake kira Bacillus cereus da ke zama a dafaffiyar shinkafa da taliya, gubarta ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa.

Ka'idar ita ce: kada salak ya wuce awa 2 a waje. In zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Kula ba firij ba ce, firij ɗin da ba wuta kuwa akwati ne kawai. Kar ku dogara da shinshinawa; namu wallahi ko tsami bai yi ba.

Saboda haka ku haɗa daidai cikinku, ku ci nan take. In ya yi yawa, ku ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Gara a yi kyauta da shi da a kwana a kilinik ranar jarrabawa.